Gyara da Tsari a Turanci: Yadda Ake Zaɓen Kalmar da Ta Dace

Kalmar "gyara" tana cikin kalmomin Hausa masu ɗaukar kaya da yawa. Bakanike yana gyara mota, malami yana gyara rubutun ɗalibi, uwargida tana gyara ɗaki, majalisa tana gyara doka, mai sayar da kaji yana gyara kaza, fasinja kuma yana gyara wa ɗan'uwansa ya zauna. Aiki shida, kalma guda. Turanci bai yi wannan tattali ba. Kowane ɗaya daga cikin ayyukan nan yana da kalmarsa, kuma idan aka ɗauki ta wani aka ba wani, jimla za ta iya fitowa daidai a nahawu amma mai harshen ya ji ta bambaraƙwai. A nan ne ɗalibin da ke rubuta insha'i a jarrabawar WAEC ko NECO, da akawun ofis, da mai fassara labarai a gidan rediyo suke yawan tuntuɓe.

Yawan kalmomin yana da dalili a tarihin harshen. A shekarar 1066 Normandawa masu magana da Faransanci suka ci Ingila da yaƙi. Shekaru ɗaruruwa bayan haka Faransanci ne harshen fada da kotu, Latin kuma harshen coci da karatu. Turancin talakawa bai mutu ba, sai ma ya kwashi dubban kalmomi daga waɗannan biyun ya jera su kusa da nasa. Shi ya sa abu ɗaya yakan sami suna biyu ko uku: *put right* 'yar gida ce, *correct* da *rectify* kuwa asalinsu Latin. Mai jin Hausa ya san irin wannan zama, domin haka "sani" yake kusa da "ilimi", "mutuwa" kuma kusa da "wafati". Ma'ana ɗaya ce ko kusa da ɗaya, amma ba a kowane zaure ake faɗar kowacce ba.

Kafin a ɗauki kalma, ana yi wa abin da ake magana a kai tambaya uku. Me ya same shi: lalacewa ya yi, kuskure ne a cikinsa, ko a hargitse kawai yake? Mene ne shi: na'ura, rubutu, doka, ko halin mutum? Wa zai karanta: aboki a waya, ko shugaba a ofis? Amsar ta farko ce take raba kalmomin gida-gida, sauran biyun su fitar da guda daga cikin gidan.

Abin da ya lalace

Idan abu yana aiki da can, yanzu ya daina, kalmar da ba ta ba da kunya ita ce *repair*. Tana hawa kan mota, rediyo, rufin ɗaki, hanya da gada, kuma ta dace da magana da rubutu duka. *Fix* tana yin wannan aiki a maganar yau da kullum, Amurkawa kuma sun fi kowa sonta. Asalin ma'anarta "kafe abu ya tsaya cik", kuma wannan ma'ana tana nan da ranta: *fix a date* tsayar da rana ne, ba gyara ta ba. Akwai wata ma'anar da ke iya jefa marubuci cikin rigima. *Fix a match* ko *fix an election* yana nufin an shirya maguɗi tun kafin a fara. Wanda yake so ya ce a gyara harkar zaɓe ya rubuta *fix the election* ya faɗi akasin nufinsa.

*Mend* ta fi zama a bakin mutanen Birtaniya, kuma ta fi son abin da ya yage ko ya ɓalle: riga, takalmi, komar masunci, shinge. *Patch* ba baƙuwa ba ce, ita ce ta zama "faci" a Hausa, kuma ma'anarta ba ta canja ba, wato liƙa wani abu a kan huda. Masu kwamfuta ma sun are ta, suna kiran ɗan gyaran da ake aiko wa manhaja da wannan suna. Amma idan tela zai rage wuyan riga ko ya ƙara tsawon wando, rigar ba ta lalace ba, don haka kalmar ita ce *alter*. A Najeriya ana yawan cewa tela ya yi *amend* ɗin riga. Za a gane a Kano ko Legas, amma mai duba jarrabawa zai iya ja masa layi.

Girman aiki ma yana canja kalma. Juye mai da canja matata *service* ne, wato sabis ɗin da direbobi suka sani, kuma ana yin sa ne tun mota ba ta lalace ba. Sauke inji a warware shi gaba ɗaya *overhaul* ne, wato garambawul. Gini idan aka yi masa kwaskwarima, aka sake fenti da tagogi, an yi *renovate* ɗinsa. Idan kuwa tsohon gini ne mai tarihi, irin ganuwa ko ƙofar gari, ana so a mayar da shi kamanninsa na asali, sai a ce *restore*. *Adjust* ita ce ƙarama a cikinsu: ɗan matsar da madubin mota, ɗan rage ƙarar rediyo, saita abin da lafiyarsa ƙalau.

Abin da ke da kuskure

Nan ne aiki ya fi yawa, kuma nan ne kalmomin suka fi kama da juna. *Correct* ita ce uwa. Ta fito daga kalmar Latin mai nufin miƙar da abu, kuma tana buƙatar a ce akwai daidai sananne wanda aka kauce masa: lissafin da bai fita ba, sunan da aka rubuta da harafin da ba nasa ba, kwanan wata da aka juya. Inda babu kuskure, babu *correct*. Tana hawa kan mutum ma: *she corrected him* yana nufin ta yi masa gyara a magana. *Rectify* danginta ce ta jini, sai dai ta fi sa babbar riga. Wurinta wasiƙar banki ko ta hukuma, kuma abokan tafiyarta su ne *error*, *mistake*, *situation* da *omission*. Ba a yi wa mutum *rectify*, ba a kuma yi wa takalmi.

*Amend*, *emend* da *mend* uwa ɗaya ta haife su, kalmar Latin mai nufin cire aibi, amma kowacce ta kama sana'arta. An ga *mend* a wurin tela. *Emend* ta masana ce kawai, masu nazarin tsofaffin rubuce-rubucen hannu, idan suka gano mai kwafa ya yi ɓatan alƙalami suka maido da abin da suke ganin marubucin ya nufa. Wanda ya taɓa gwada kwafi biyu na tsohon littafin ajami ya ga sun saɓa a kalma guda ya san irin aikin. *Amend* kuwa ta doka ce da takardun hukuma: kundin tsarin mulki, dokar majalisa, yarjejeniya, takardar ƙara. Abin lura shi ne ba dole sai da kuskure ake *amend* ba. Ana iya ƙara sashe ko a cire don zamani ya canja. Kundin tsarin mulkin Amurka an yi masa gyara 27, kowanne ana kiran sa *amendment*, kuma goman farko sun tabbata a 1791.

A nan akwai wani abu da mai fassara a Najeriya ya kamata ya riƙe. Kundin tsarin mulkin 1999, a sashe na 9 da ya yi bayanin yadda ake gyara shi, kalmar *alter* ya yi amfani da ita. Shi ya sa dokokin da suka gyara shi suke ɗauke da sunan *Alteration*, tun daga ta farko a 2010 har zuwa rukuni na biyar da aka sa wa hannu a 2023. 'Yan jarida suna cewa *constitution amendment* a labari, kuma ba laifi, amma idan sunan dokar za a rubuta, yadda yake a takarda ake kawo shi.

Sauran kalmomin wannan gida an fi gane su idan aka bi rubutu daga hannun marubuci zuwa maɗaba'a. Marubuci ya gama daftari, ya koma kansa ya sake tunani, ya cire babi, ya ƙara hujja: wannan *revise* ne, kuma littafin da aka sake bugawa bayan irin wannan aiki shi ne *revised edition*. Daga nan rubutu ya je hannun edita, wanda zai rage tsawo, ya daidaita jimloli, ya tabbatar suna ɗaya bai fito da rubutu iri biyu ba: wannan *edit* ne. Kalmar ma daga *editor* aka yanko ta, sunan mai aikin ya riga sunan aikin zuwa. Bayan an tsara shafuka, sai a fitar da gwajin bugu a ba mai ido ya bi shi layi-layi da jan biro, yana farautar harafin da ya faɗi, waƙafin da ya ɓata, ƙugiyar da ta gudu daga kan "ƙ" ta bar "k". Wannan shi ne *proofread*, kuma ba a sake fasalin jimla a wannan mataki. Idan mai dubawa ya soke kalma sannan ya ga ashe daidai take, sai ya ɗiga ɗigo-ɗigo a ƙarƙashinta ya rubuta *stet* a gefen shafi, kalmar Latin mai nufin a bar shi yadda yake. Kuskuren da ya tsere har aka buga littafi ana jera shi a wata 'yar takarda mai suna *errata*. Wanda ya ba edita aiki ya ce masa *proofread* alhali *edit* yake nufi, zai karɓi rubutunsa da waƙafi daidai da jimloli a karkace, kuma kuɗin aikin biyu ma ba ɗaya ba ne.

*Revise* tana da ma'ana ta biyu a Turancin Birtaniya, wanda makarantun Najeriya da Gana suka gada: bitar karatu kafin jarrabawa. Ba'amurke *review* zai ce. Wajen rubuta ta kuma, kullum da *s* take, ko a Amurka, saɓanin *organize* da ake iya rubutawa da *z* ko da *s*, muddin an tsaya a kan guda daga farkon takarda zuwa ƙarshe.

Idan abin da ya karkace hali ne ko tsarin hukuma, kalmar ita ce *reform*: gyaran aikin 'yan sanda, gyaran harkar haraji, shiryuwar ɓarawo. *Redress* share hawayen wanda aka zalunta ne, *make amends* kuma shi ne mai laifi ya yi wani abu don wanke laifinsa. A 2019 aka canja sunan hukumar gidajen yarin Najeriya zuwa *Nigerian Correctional Service*, Hausa kuma ta bi da "gidan gyaran hali". Fassara ce da ta zauna daram, domin a nan kalmomin harsunan biyu sun haɗu a wuri ɗaya.

Abin da ke hargitse

A wannan gida Hausa ma ba ta da talauci: akwai jera, tsara, shirya, ware, kimtsa, tattara. Mai fassara zai rage wa kansa wahala idan ya fara tantance wacce yake nufi a Hausar. *Arrange* jerawa ce, sanya abubuwa a wuraren da suka dace, kamar kujeru a zauren taro ko littattafai a kanta. Tana kuma nufin shirya abin da zai faru, kamar ganawa ko tafiya. *Sort* warewa ce, raba abubuwa iri-iri. Ma'aikacin gidan waya da ke jefa wasiƙun Zariya a akwati ɗaya, na Katsina a wani, *sort* yake yi, haka ma matan da ke ware farin wake daga ja. Idan warewar ta inganci ce, mai kyau gefe, na biyu gefe, kamar yadda dillalan riɗi suke yi a kasuwar Dawanau, ta zama *grade*. *Organize* ta fi su faɗi, ita ce kafa tsarin da zai ɗore ko haɗa mutane da kaya don wani buri. *Tidy* kimtsawa ce, mayar da komai mazauninsa, kuma ba ta ƙunshi shara da wanki ba, wannan aikin *clean* ne. Ɗaki yana iya zama a share tas amma kaya a warwatse.

*Collate* ta cancanci a tsaya a kanta. A shagon hoton takardu, idan aka ce a buga takarda mai shafi uku sau goma, na'ura za ta iya fitar da shafin farko goma, na biyu goma, na uku goma, a bar yaron shago yana zagaya tebur yana tsinta ɗaya-ɗaya. Idan aka danna *collate*, sai ta fitar da ɗaya, biyu, uku, ta sake ɗaya, biyu, uku, kowane kwafi a haɗe. Wannan ma'ana ta tattarawa bisa tsari ita ce a *collation centre*, cibiyar tattara sakamakon zaɓe. Ba a ƙidaya ƙuri'a a can, an riga an ƙidaya a rumfa, haɗa alƙaluma ake yi.

*Order* kuwa a yi hattara da ita idan aikatau ce. Ta fi saurin nufin ba da umarni ko yin odar kaya, don haka *he ordered the books* za a fahimce shi a matsayin ya aika a kawo masa littattafai. Wanda ke nufin jerawa ya ce *put the books in order*. Nau'in jerin ma yana da sunaye: *alphabetical order* bin haruffa, *chronological order* bin lokaci, *ascending* daga ƙarami zuwa babba, *descending* daga babba zuwa ƙarami. Mai jera sunayen Hausa a kwamfuta ya duba da idonsa bayan na'ura ta gama, domin wasu manhajoji suna tura haruffa masu ƙugiya can bayan *z*, sai a nemi Ɗanjuma kusa da Dauda a rasa. *Out of order* a jikin na'urar cirar kuɗi yana nufin ba ta aiki, a zauren majalisa kuma yana nufin mai magana ya saɓa ƙa'idar zama.

Kalmomi masu wutsiya da tarkon Turancin gida

A magana, Turawa sun fi amfani da gajerun aikatau masu ɗan ƙari a baya: *sort out*, *tidy up*, *put away*, *straighten out*, *iron out*. Ƙarin yana canja ma'ana. *Sort the papers* ware takardu ne, *sort out the problem* kuwa warware matsala. *Iron out* ba ta da alaƙa da dutsen guga sai a hoto, ana nufin kawar da 'yan saɓanin da suka rage kafin a sa hannu a yarjejeniya. Ƙa'idarsu guda ce ba ta da sassauci: wakilin suna a tsakiya yake zama. Ana cewa *sort it out*, ba a cewa *sort out it*. A takardar hukuma an fi maye gurbinsu da kalma guda, irin su *resolve*.

Turancin Najeriya ya ba wasu daga cikin kalmomin nan ma'anar da ba ta cikin ƙamus ɗin makaranta. A bakin ɗaliban jami'a *sorting* yana nufin ba da cin hanci don a sami maki, *settle* kuma yakan nufi toshiyar baki. A Turancin buroka *correct* yabo ne, mutumin kirki ko abu mai kyau. A motar haya kwandasta yakan ce *dress* ko *shift* inda Bahaushe zai ce "gyara", daidaitaccen Turanci kuwa *move over* ne ko *make room*. Aron kalmomi tsakanin harsunan ma bai tsaya a hanya ɗaya ba: *jara* da ake roƙo a kasuwannin kudu ita ce gyaran da mai awo yake ƙarawa a kan mudu, kuma Turancin Ingila ba shi da kalma guda da ta yi daidai da ita, sai a ce *a little extra*.

Akwai kuma wuraren da "gyara" take fitowa a Hausa amma *repair*, *correct* ko *arrange* ba za su shiga ba. Gyaran murya *clear the throat* ne. Gyara gado *make the bed*. Gyaran fuska a wurin wanzami *trim* ne ko *shave*. Gyara kifi *clean* ne, gyara kaza *dress*. Wanda ya rubuta *repair the bed* ya kira kafinta ne, bai shimfiɗa zanin gado ba.

Tabbatarwa

Ƙamus mai harshe biyu, irin na Turanci zuwa Hausa da Roxana Ma Newman ta fitar a 1990, ko na Hausa zuwa Turanci na Paul Newman na 2007, yana ba da 'yan takara. Littafin kalmomi masu kusancin ma'ana, wanda Peter Mark Roget ya fara fitarwa a 1852, yana ƙara yawansu, amma ba ya faɗin wacce ta dace da ina, kuma dogaro da shi kaɗai yakan kai ga gyaran gangar Auzinawa, a cire kalma mai sauƙi da ke daidai a sa mai nauyi da ba ta shiga ba. Hukunci yana wurin ƙamus na masu koyo, irin *Oxford Advanced Learner's Dictionary* wanda ya samo asali daga aikin A. S. Hornby. A can ba ma'anar ake tsayawa karantawa ba, misalan ake bi a ga irin sunayen da ke biyo bayan aikatau ɗin. Idan duk misalan *amend* doka ce da yarjejeniya, abin da ke hannu kuma riga ce, an sami amsa.

Ga yadda aikin yake a kan sanarwa guda ta makaranta: "An gyara rufin aji uku. An gyara sunayen da aka rubuta ba daidai ba a rajista. An gyara jadawalin jarrabawa. A gyara azuzuwa kafin Litinin." Rufi lalacewa ya yi, don haka *repaired*. Sunaye kuskure ne a cikinsu, *corrected*. Azuzuwa a hargitse suke, *tidy*, ko *clean* idan shara ake nufi. Jadawalin ne Hausar ba ta bayyana ba. Idan an sa darasi biyu a sa'a ɗaya bisa kuskure aka raba su, *corrected* ne. Idan hukumar makaranta ce ta ɗage ranakun saboda hutun Sallah, *revised* ne. Jimlar Hausar ta ɗauki duka biyun, ta Turancin dole ta zaɓi ɗaya, don haka mai fassara sai ya koma ofishin shugaban makaranta ya tambayi abin da aka yi wa jadawalin kafin ya rubuta.